Taimaka wa Garinmu Daga Birni: Tambayoyin da 'Yan Ƙungiyoyin Cigaban Gari Mazauna Kano Suka Fi Yi

Ranar Lahadi bayan la'asar, idan ka leƙa makarantun firamare na Fagge, Kurna, Hotoro ko Sheka, da wuya ka rasa ajin da aka jera benci, dattawa a gaba, samari a baya, wani na riƙe da littafi yana kiran suna. 'Yan gari ɗaya ne da neman abinci ya kawo su birni, sun taru kan maganar gida. Ƙananan hukumomi 44 ne a jihar nan, takwas ne kawai ke cikin birni da kewayensa, kuma da yawanmu a sauran 36 ɗin aka binne cibiyarmu. Na daɗe ina riƙe da irin wannan littafi a ƙungiyar garinmu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake ta maimaita mana, a wurin taro da kuma a waya.

Me ake nufi da a ce mutanen gari su jagoranci cigabansu? Ai duk taimako taimako ne.

Taimako ne, amma a yi maka daban, a yi da kai daban. Idan wani bawan Allah ya turo mota ta haƙa rijiya a bakin kasuwa, aka ɗauki hoto aka watse, sunanta a gari "rijiyar Alhaji". Ranar da ta tsaya, Alhaji za a zauna jira. Idan kuwa mutanen gari ne suka zauna suka ce ruwa ne damuwarsu, suka nuna wurin, suka ɗebo yashi, matansu suka dafa wa ma'aikata abinci, to sunanta "rijiyarmu", kuma ba wanda zai bari yaro ya hau kan famfon yana lilo.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gayya muka gada: a yi wa dattijon da ƙarfinsa ya ƙare noma, a share maƙabarta, a yashe rijiya da bazara, a yaɓe masallaci kafin ruwa ya sauka. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne kuɗin 'yan birni, da banki, da takardu. Duk aikin da aka kawo maka labarinsa, tambayi abu uku: wa ya zaɓe shi, wa ya san nawa aka kashe, wa zai gyara idan ya lalace. Idan amsar duka ukun ita ce mutanen gari, to aikin nasu ne.

Muna zaune a Kano, mun kafa ƙungiya. Daga ina za mu fara?

Ku fara da zuwa gida ku kwana. Ba ranar Sallah ba, lokacin da kowa ya yi kwalliya kuma kunya ta hana a faɗi matsala. Ku je a tsakiyar bazara ku ga layin jarkoki, ku sake zuwa a watan Agusta ku ga hanya.

Mu kanmu da muka fara, mun gama shawara a birni cewa masallacin Juma'a za mu sa wa tayil, har mun nemo farashi a Ƙofar Ruwa. Da muka isa gida, wata ungozoma da ta karɓi haihuwar rabinmu ta aiko a kira mu. Muka durƙusa a zaurenta muka gaishe ta. Ta ce: "'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Amma ku je bakin rafin nan ku tsaya." Muka je. Kwana biyu da ɗauke ruwan sama, amma rafin na kaiwa cinya, kuma ga sawun amalanken shanu ya nutse cikin laka. A nan ake sauke mace mai naƙuda daga babur a ɗora ta a amalanke, don mota ba ta iya ƙetarewa. Mun sha wuce wurin da rani, lokacin da yashi ne kawai, ba mu taɓa ganinsa haka ba. Kwalbati muka fara yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aikin farko ya zama ƙarami, wanda za a gama cikin wata biyu ko uku kowa ya gani da idonsa. Amana ake ginawa da shi, kuma da ita za a tara kuɗin babban aikin.

Wa ya kamata mu fara gani a gari, kuma ta yaya za mu ji ta bakin mata?

Dagaci, tare da masu unguwanni da limamin gari. Shi zai sanar da hakimi. Daga nan ku gaisa da kansila, ku kai takarda sakatariyar ƙaramar hukuma don a san da ku. Wanda ya tsallake dagaci, ko da niyyarsa fara ce tas, zai ga ana ce masa "to, madalla" amma ba wanda ya fito aiki. Sai dai dagaci uba ne, a bar shi a matsayin uba. Kada a ɗora masa ajiyar kuɗi ko sa hannu a banki, domin ranar da aka samu saɓani shi za a kai wa ƙara, kuma ba ya yiwuwa ya zama alƙali a shari'ar da yake ciki.

Taron ƙofar fada taron maza ne, alhali ruwa, haihuwa, niƙa da karatun yara mata ne suka fi sanin zafinsu. Ku tura matan ƙungiyarku, ko matanku da ƙannenku, su zauna da su a Islamiyyar matan aure ko a gidan uwar adashi, ba tare da namiji a wurin ba. Abin da za su dawo da shi yakan bambanta da na fada. Haka nan ku aika rugagen Fulani da ke gefen gari da ƙananan unguwannin da ke nesa da masallacin Juma'a, kuma a garuruwan da ake zaune tare da waɗanda ba Musulmi ba, a kira su zaman tun farko. Da rijiya ɗaya za a sha.

Mutanenmu talakawa ne. Ba zalunci ba ne a ce sai sun kawo nasu kason?

Zai zama zalunci idan aka yanka wa kowa kuɗi daidai, aka kuma nema a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma kaso ba sai kuɗi ba. Akwai fili, yashi, tsakuwa, ɗiban ruwan gini, haƙan tushe, gadin kaya da dare, da abincin magina. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, kowane gida zai iya auno tiya ɗaya ko biyu ta gero ko dawa, a tara a sayar. A ɗauke wa marayu, tsofaffi da matan da mazansu suka rasu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abu ɗaya da nake roƙon kowane sakatare: ya rubuta wannan gudummawa a littafi da ƙimarta ta kuɗi, layi ɗaya da ta 'yan birni. Wanda ya yi kwana shida yana haƙan tushe cikin rana ya ba da abin da ya fi na wani mai turo kuɗi ta waya, kuma ya cancanci a karanta sunansa. Wannan lissafi zai yi muku amfani idan kun je neman tallafi daga waje, kamar yadda za a gani a tambayar da ta shafi hakan.

Dole ne mu yi rajista?

Don fara aiki, takardar shaidar ƙaramar hukuma da rubutaccen tsarin mulki na shafi biyu ko uku sun isa. Amma idan kuna son asusun banki da sunan ƙungiya, ko mallakar fili, ko karɓar tallafin wata gidauniya, sai kun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za a nemi sunayen amintattu, tsarin mulki, da bayanin taron da aka zaɓe su. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Banki kuma zai nemi takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Bayan rajista akwai rahoton shekara-shekara da ake miƙa wa CAC, kuma ƙungiyoyi da yawa nan suke sakaci har tara ta taru musu.

Wajen zaɓen amintattu, kada a cika su da manyan 'yan birni don sunansu. A sa waɗanda ke kwana a garin.

Ta yaya ake tara kuɗi, kuma a ina ake ajiye su?

Kuɗin wata ƙanƙani da ba ya yankewa ya fi gagarumin taron gidauniya. A taron gidauniya ana yin alƙawari a lasifika, a yi tafi, sannan sakatare ya shekara yana zarya tsakanin Kantin Kwari da Singa yana jin "ka dawo jibi". Ku ƙidaya abin da ya shigo hannu kawai. A littafinmu, waɗanda ba su taɓa fashin wata ba su ne 'yan adaidaita sahu, masu shayi, 'yan dako a Dawanau da 'yan ga-ruwa. Ku sa adadin da irinsu za su iya, mai hali ya ƙara da kansa. 'Yan kasuwa kuma sukan fi sakin kaya a kan kuɗi: siminti, rodi, bututu, kwanon rufi. Ku karɓa, ku rubuta, ku ba da rasit.

Kuɗin ƙungiya ba sa kwana a asusun mutum, ko waye shi, ko na kwana ɗaya. Ba don ana zarginsa ba: mutum yakan rasu, magada su tarar da kuɗi a asusunsa, kuma ba su da hanyar sanin na waye. A buɗe asusu da masu sa hannu uku, biyu su isa fitar da kuɗi, ɗaya daga cikinsu mazaunin gari. Duk alat ɗin da ya shigo ko ya fita a tura shi zauren WhatsApp na ƙungiya a ranar. Waɗanda ke gida da yawa ba sa zauren, don haka duk wata uku a karanta lissafi da Hausa bayan sallar Juma'a, a manna kwafi a bangon ƙofar fada.

Za mu iya haƙa rijiya ko gina aji da kuɗin zakka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, musamman gab da azumi. Allah ya ambaci masu cin zakka kashi takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba: faƙirai, miskinai, ma'aikatan tara ta, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, waɗanda bashi ya yi wa katutu, tafarkin Allah, da matafiyin da guzuri ya yanke wa. Mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, sun tafi a kan cewa ba a gina masallaci, gada ko rijiya da ita, haƙƙin mutane ne da ake danƙa musu. Akwai malaman zamani da suka faɗaɗa ma'anar tafarkin Allah, amma bai kamata kwamitin gari ya yanke wa dukiyar wani wannan hukunci ba. Mai dukiya ya tambayi malaminsa. Mu abin da muke yi shi ne littafi biyu: na zakka daban, na sadaka da gudummawa daban, kuma ba sa haɗuwa.

A taƙaice, kuɗi da kayan kasuwa idan sun kai nisabi suka shekara, ɗaya cikin 40 ake fitarwa. Amfanin gona idan ya kai wasaƙi biyar, wato sa'i 300, ɗaya cikin goma ne ga noman damina, ɗaya cikin 20 ga wanda aka shayar da inji ko wahala. A Malikiyya, asali ana raba zakka ne a inda ta wajaba ko kusa da nan, sai idan na nesa sun fi buƙata. Don haka ɗan kasuwar Kwari da garinsu ke can Doguwa ko Sumaila, ya faɗa wa malami halin da mutanensa ke ciki kafin ya aika. Ba a ba wa wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka, kamar matarka ko iyayenka mabuƙata. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, kuma ana iya neman shawararta.

Inda zakka ke raya gari da gaske shi ne idan aka daina yayyafa ta. Maimakon a ba mutum ɗari abin cefanen yini ɗaya, a ba mutum goma abin da zai zama jari: awaki biyu, keken ɗinki, injin markaɗe. Malikiyya sun yarda a ba faƙiri abin da zai ishe shi shekara.

To wakafi fa? Wani ya ce zai ba da gona ko fili.

Wakafi, ko hubusi, shi ne ƙofar da ta dace da rijiya, makaranta da asibiti. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Sayyidina Umar da ya samu gona a Khaibara, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Ma'anar ke nan: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada. Shago ɗaya a Kano da aka tsayar da hayarsa don alawus ɗin malamin Islamiyya ko gyaran famfo ya fi gudummawar da za a cinye a wata guda.

Amma a rubuta. Mai bayarwa zai ce "haba, tsakaninmu har sai an yi takarda?" Ku ce masa ba don shi ba ne, don jikoki ne. A auna filin, a kafa alama a kusurwoyinsa huɗu, maƙwabtan gona su shaida, 'ya'yansa manya su sa hannu, dagaci da hakimi su buga hatimi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a filayen karkara, don haka a kai can a yi da sunan ƙungiya. Kada a karɓi gonar gadon da ba a raba ba, ko wurin da ya ci burtali. Sannan a karɓi wurin a fara amfani da shi tun mai shi yana da rai da lafiya, domin a Malikiyya hubusin da ba a karɓe shi ba har mai shi ya rasu yana komawa cikin gado.

Mun yanke shawarar rijiyar burtsatse. Tuƙa-tuƙa ko mai sola?

Kafin wannan, a tabbatar akwai ruwan. Mafi yawan ƙasar Kano, musamman kudu da yamma, dutse ne a ƙarƙashi, kuma ruwa yana maƙale ne a inda dutsen ya rube ko ya tsage. Shi ya sa za a samu ruwa a wannan unguwa, a matsa kaɗan a haƙa a tarar da ƙura. Ta arewa maso gabas, wajen iyakar Jigawa, ƙasar ta fi yashi kuma samun ruwa ya fi sauƙi. A biya masanin awon ƙasa ya zo da na'urarsa kafin motar haƙa ta taso, kuma ya fi kyau ya zama ba yaron mai motar ba ne. Idan awo ya nuna bayan gari alhali ana so a ƙofar gidan wani babba, a bi awo. A nisanta ta da masai da juji, aƙalla mita 30.

Da mai haƙa a yi yarjejeniya a rubuce: zurfin da zai kai, irin bututun da zai zura, da abin da zai faru idan ba a samu ruwa ba. A biya shi kashi-kashi, kason ƙarshe sai bayan an ja ruwa na sa'o'i an ga bai ƙafe ba, an kuma kai shi ɗakin gwaji an tabbatar yana shawuwa. Ranar haƙa, mutum biyu na gari su zauna a wurin da takarda da biro suna ƙirga kowane bututu da ya shiga ƙasa. Gwajin da aka yi a Maris ko Afrilu ya fi gaskiya, domin rijiyar da ta ba da ruwa a tsakiyar bazara za ta bayar a kowane lokaci. Ku sanar da hukumar RUWASA ta jiha, mai kula da ruwa da tsafta a karkara.

Tuƙa-tuƙa ta fi araha, kuma saurayin da aka koya wa zai iya gyara ta. Ta dace da ƙaramar unguwa. Mai sola ta dace da gari mai jama'a da dabbobi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu janareta da yawa sun koma kanta. Sai dai tana da nata sharuɗɗan. Farantan suna buƙatar shinge da mai gadi saboda ɓarayi, da gogewa a kai a kai lokacin hunturu don ƙura na rage musu ƙarfi. Sumo, wato injin jan ruwa da ake zurawa cikin rijiyar, yana ƙonewa idan ya ci gaba da ja bayan ruwa ya yi ƙasa, don haka a sa masa na'urar da ke kashe shi. Kada a yi rowar ƙarfe a ƙafar tanki: lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce, tankin lita 5,000 tan biyar ne a saman kawunan yara. A yi magudana, a kuma yi wa dabbobi kwamin sha can gefe.

Me ya sa rijiyoyi da yawa ke mutuwa bayan shekara ɗaya ko biyu?

Domin an tara kuɗin haihuwarta, ba a tara na renonta ba. Na taɓa tsayawa a kan wata tuƙa-tuƙa a wani ƙauye kusa da namu. Hannunta ya yi tsatsa, an ɗaure akuya a jikinsa, yara mata kuwa sun wuce mu da bokitai za su kududdufi. Wata bakwai ke nan da tsayawarta. Da muka kawo makaniki ya zaro sandunan, wata roba ce ta cinye, kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba. Ba wanda ya ƙi gyarawa. Kowa dai yana ganin ba shi aka bar wa ba.

Tun kafin a haƙa a kafa kwamitin ruwa na mazauna gari, da mata a ciki, don su ne ke fara jin sautin famfo ya canza. A koya wa samari biyu gyara a ranar da ake haɗa shi, a saya musu sifana da abin kama bututu, a ajiye robobi da sauran ƙananan kaya a gari. A yanka abin da za a riƙa bayarwa, ko a kan jarka, ko tiya a kan gida da kaka. Wasu kan ce karɓar kuɗi zai ɓata sadakar. Ba ruwan ake sayarwa ba, asusun gyara ne, kuma shi ke sa sadakar ta ci gaba da gudana. Wanda ba shi da shi ya ɗiba kyauta. Idan akwai wakafi irin wanda aka yi bayani a sama, ya ɗauke wannan nauyi gaba ɗaya.

Muna so mu gina makaranta ko asibiti. Gwamnati za ta turo ma'aikata?

Kada ku aza bulo ɗaya sai kun samu amsar wannan a rubuce. Don firamare, ku ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Don asibiti, hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha. Ginin da ba malami ko ma'aikacin jinya, ƙarshensa ma'ajiyar ƙaiƙayi. Sau da yawa gyara abin da ke akwai ya fi: rufin da iska ta yaye, benci, ɗakin kwanan malami, da banɗakin 'yan mata, wanda rashinsa kaɗai ke zaunar da waɗanda suka fara girma a gida. Ku bi ta SBMC, wato kwamitin iyaye, malamai da mutanen gari mai kula da makarantar, domin shi hukuma ta sani.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ke tura kuɗi kai tsaye ga aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, kuma mazaɓu 484 ne a Kano. Ku bincika wanne ne na mazaɓarku, ku shiga kwamitinsa. Abin da ya fi ɗorewa a ganina shi ne ɗaukar nauyin 'yar gari ta karanci aikin ungozoma, kamar a makarantar da ke Dambatta, da sharaɗin ta dawo gida. Baƙuwa takan nemi canjin wurin aiki, 'yar gari kuwa ko ƙarfe biyun dare za a buga mata ƙofa.

Rabon abinci da azumi fa, shi ma cigaba ne?

Alheri ne babba, kada a daina. Amma a tuna cewa yunwar manomi ta fi tsanani a Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kuma a lokacin ne yake cin bashin da zai biya da rabin amfanin gonarsa. Rumbun gari na maganin wannan: a sayi gero da masara da kaka suna araha, a adana a buhu mai leda a ciki wanda ba ya buƙatar maganin ƙwari, a ranta wa mabuƙata da damina, su mayar da kaka tiya da tiya ba ƙari.

Wajen rabo, mai unguwa, liman da wata dattijuwa su haɗu su fitar da sunaye. A kai wa mutum gidansa bayan magariba. Kada a tara mata a layi cikin rana, kuma kada a ɗauki fuskar kowa a sa a Facebook. Idan masu bayarwa na son shaida, hoton buhuna da takardar sa hannun kwamiti sun wadatar.

Ɗan siyasa ya ce zai ba mu gudummawa. Mu karɓa?

Ku karɓa idan ta shiga asusun ƙungiya aka rubuta ta kamar ta kowa. Kada a lulluɓe aikin da launin jam'iyya, kada shugaban ƙungiya ya hau mumbarin kamfe da sunanta, domin rabin garin na ɗaya ɓangaren kuma da su aka ɗebo yashi. Idan aikin mazaɓa ne daga kasafin gwamnati, wannan haƙƙinku ne, ku nemi sanin abin da aka ware da wanda aka ba kwangilar.

Ina ake samun tallafi daga waje, kuma ta yaya za mu gane 'yan damfara?

Akwai shirye-shiryen gwamnati da ke aiki da ƙungiyoyin al'umma, kamar AGILE na Bankin Duniya da ke ba makarantun sakandare kuɗin gyara ta hannun kwamitocinsu, an kuma yi KSADP na noma da kiwo wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa wa. Ofishin jakadancin Japan a Abuja yana da tsarin ƙananan ayyukan al'umma. Ga kuma gidauniyoyin attajiran Kano. Takardar da ake karantawa ita ce gajeriya mai cewa: ga matsalarmu, ga abin da muka yi da hannunmu, ga lissafinsa, ga abin da ya rage, ga waɗanda za su kula da shi. A haɗa da farashi daga wurare uku da wasiƙar dagaci. Idan aka kawo muku abin da ba ku buƙata, ku yi godiya ku faɗi abin da kuke buƙata.

Duk wanda ya ce sai kun sayi fom, ko kun biya "kuɗin fitar da tallafi", ko ya zo yana tattara lambobin BVN na matan gari, ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo wa mutum a waya, ku kai shi wurin dagaci.

An fara raɗe-raɗin ma'aji ya taɓa kuɗi. Me za mu yi?

Kada a yi shari'ar a WhatsApp. A zaɓi mutum uku da ba sa cikin shugabanci, ɗaya daga gida, su karɓo bayanin asusu daga banki su gwada da rasit. Sau da yawa za a tarar rashin rubutu ne: an sayi abincin lebura da man babur ba a rubuta ba. Idan haka ne, a wanke shi a bainar jama'a kamar yadda aka zarge shi. Idan kuwa ya ci, a zaunar da shi gaban dagaci da liman, ya sa hannu kan yadda zai biya, a sauke shi, a sanar da adadin. Rufa-rufa don "ɗan'uwa ne" ita ke kashe ƙungiya, domin wata mai zuwa mai shayi ba zai kawo nasa ba. Matakan da ke cikin amsar ajiyar kuɗi, idan an bi su, da wuya a kai nan.

Ni ɗalibi ne, ko albashina ba ya kai ni ƙarshen wata. Me zan iya bayarwa?

Abubuwa da yawa da kuɗi ba sa saye. Idan kana Jami'ar Bayero ko Kwalejin Sa'adatu Rimi, hutun dogon zango ka koma gida ka koyar da 'yan aji shida lissafi da Turanci, ka cike wa 'yan sakandare fom ɗin jarrabawa. Idan ka iya kwamfuta, kai ne mai rubuta wasiƙu da jera lissafi. Idan kana zaune kusa da Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ka zama wanda za a kira idan an kawo mara lafiya daga gida: ka tare su a tasha, ka nuna musu inda ake yankar kati, ka samo masu ba da jini cikin 'yan gari, ka ba mai jinya tabarma a zaurenka. Ka ba sakatare lambarka a taron wannan Lahadin, ka ce a rubuta ta a bangon ƙofar fada kusa da takardar lissafi.